Takardu Biyu a Fayil ɗin Baffa

Baffana, ƙanen mahaifina, makanikin jiragen yaƙi ne a ƙuruciyarsa. Da ya bar aikin soja sai ya dawo Guri ya kama noman shinkafa a fadama. Ba ya son zancen jirgi.

Ni malamin tarihi ne a Haɗeja. Wata shekara na sayo wani littafin Turanci a Kano kan tarihin sojan sama, mai kauri, cike da hotuna. Na kai masa don ya ji daɗi. Muna zaune a zaure ina fassara masa, sai na zo kan labarin wani jirgi da ya faɗi yana tashi, matuƙa biyu suka rasu. Marubucin ya ce sakacin makanikai ne, bai kuwa faɗi inda ya samo maganar ba.



"Ni na duba jirgin nan," in ji shi. "Na rubuta wa manyanmu cewa mai yana yoyo, kada ya tashi. Ɗana, mai littafin nan wa ya tambaya?"

Kwafin takardar da ya ajiye ya tafi tun shekarar da kogi ya yi ambaliya ya cinye ɗakinsa. Na yi masa alkawarin nemo asalin takardar. Ina ta jan ƙafa har Allah Ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar arba'in na tafi gidan adana tsofaffin takardun gwamnati. Kwana huɗu ina kwance igiyar fayiloli kafin na samu. Ga rubutun Baffa, na san yadda yake karkata shi: mai yana yoyo, kada jirgin ya tashi. Har na yi hamdala. Da na juya shafi sai ga wata takarda ta washegari, wadda ta ce jirgin lafiyarsa ƙalau. Sa hannunsa ne a ƙasa.

Na bincike fayil ɗin kaf. Ban ga umarnin wani babba ba, ban ga shaidar an yi gyara ba.

Da na koma Guri na tarar da matarsa tana sheƙar shinkafa a tsakar gida.

"Malam, ka samo?"

"Na samo, Inna. Ya gargaɗe su."

Ta ajiye faifan ta ɗaga hannu tana yi masa addu'a. Na ce amin. Takarda ta biyun tana aljihuna, har yau ban nuna wa kowa a gidan ba.