Rawar Hannun Marhun

A kasuwar garin Ibri ana ta yaɗa cewa wai Marhun ɗan Ubaid ya je Indiya likitoci sun dasa masa makunni a ƙirji. Wai in zai yi harbi sai ya danna, zuciyarsa ta tsaya cak, ya saki harsashi, sannan ya sake tayar da ita kamar injin ban ruwa. Wani dillalin awaki ya rantse mini ya ga wayar tana leƙowa ta wuyan rigarsa. Na ce masa ai ni na riƙe wa likitan tocila.

To, ƙarya ce tsagwaronta. Marhun ɗan kawuna ne, tare muka ci ƙasa, babu abin da ke ƙirjinsa sai taurin kai. Indiya kam ya je, amma saboda hannunsa na dama da ya kama rawa. Ya dawo da rawarsa cif yadda ya tafi da ita, da ƙwayoyi cike da leda, da wata tukunya da matarsa ta yi sautu.

Marhun direban tankar ruwa ne har ya ajiye aiki, amma ba wanda ya san shi da wannan. An san shi da busasshen kwarin da ke bayan gonakin dabinonmu, inda kowace safiyar Juma'a yake koya wa mutane harbin nesa. Can a gindin dutse ya rataye faifan ƙarfe, ya shafa masa farin fenti. Nisan wurin kuwa, in aka aike ka duba faifan, ni a fatawata sallar ƙasaru ta kama ka.

Ɗalibansa magidanta ne: malaman makaranta, masu gonaki, ma'aikatan rijiyoyin mai da suka zo hutu. Mutum zai zo da sabuwar bindiga da takardunta, yana huci, sai Marhun ya karɓe harsasan ya zuba a aljihu, ya kwantar da shi rub da ciki a kan tabarma ya ce ya leƙa madubin hangen nesa na bindigar.

"Malam Marhun, yaushe zan harba?"

"Ina iska ta nufa?"

"Ai babu iska."

"A kan hancinka ne babu. Can fa?"

Ya ce tsakaninka da faifan nan iska uku ce, ta kusa da ta tsakiyar kwari da ta gindin dutse, kuma ba sa ga maciji da juna. Da kawalwalniyar da ke tashi daga duwatsu ake gane su, in ta kwanta hagu, in ta kwanta dama, in ta miƙe tana tafasa. Mutum sai ya yi makonni yana kallonta kafin a ba shi harsashi. Akwai wanda gemunsa ya yi furfura a kan tabarmar nan, Allah shi ne shaida, ko da yake dama ya fara.

Asirin hannun ya tonu ne a wurin wani biki. Kun dai san in ka girgiza finjali, ka ce wa mai zuba gahawa ka ƙoshi. To Marhun, wanda ke iya shanye buta shi kaɗai, ya miƙa finjali a ƙara masa, hannu ya yi ta kaɗawa, mai zubawa ya karɓe ya wuce. Aka sake zagayowa, haka. Na yi dariya har na ƙware. Amma ɗansa Ya'arub, da ke zaune a gefe, bai yi dariya ba.

Da aka koma gida Ya'arub ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, bindiga ba finjali ba ce. Mutane na kwance kusa da kai a kwarin nan. Ka bar ni in miƙa ta ga hukuma, ka huta."

Gaskiya ce ya faɗa, shi ya sa ta yi ɗaci. Ɗalibai ma sun fara janye jiki, waɗanda suka rage kuma in ya ɗauki bindiga sai ka ga kowa ya tuna yana da abin ɗauka a mota.

Marhun ya ce, "Washegarin babbar salla, kafin a buɗe ramin da ake gasa naman layya. Harsashi ɗaya. In na kuskure, ka tafi da ita, ni kuma ba zan sake taka kwarin ba."

Daga ranar, kullum da hantsi yana can kwance shi kaɗai da bindiga ba harsashi. Na kai masa dabino wata rana, don in samu abin faɗa. Na tarar bakin bindigar na ta lilo kamar kan raƙumi.

"Ɗan kawu, tsuntsaye kake kora?"

"Zauna, ɗan gwaggo, ka rufe mini baki." Bai ɗago ba. "Kowa bindigarsa rawa take. Taku ƙarama ce, shi ya sa kuke yaudarar kanku cewa ta tsaya. Tawa ta fito fili. Tana hawa hagu, ta gangaro, ta ratsa ta kan faifan, ta wuce. Ba hana ta zan yi ba. Hanyarta nake haddacewa."

Na leƙa madubin. Ban ga faifai ba, ban ga hanya ba, jiri kawai na samu.

Ranar ta zo. Duk mazan ƙauye suka gangaro kwari cikin fararen riguna, wuƙaƙen ado a ɗamara, ƙamshin naman da ke binne tun jiya yana biyo mu ta ƙarƙashin ƙasa. Ya'arub da kansa ya mayar da kowa baya, ya tsaya a kan mahaifinsa. Marhun ya kwanta. Sai da ya yi fama kafin harsashin ya shiga, ba kuma wanda ya isa ya taimaka masa.

Bakin bindiga ya fara lilonsa. Wasu suka sunkuyar da kai don kunya. Aka jira. Aka ƙara jira. Wani tsoho a bayana ya ce, "Ko barci ya ɗauke shi?" Iska ta kaɗa gezar rawunanmu, ta faɗi, ta sake tasowa. Shi dai yana kwance, hannu na kyarma, ido ko ƙiftawa babu.

Sai ƙara ta tashi, ta daki duwatsu.

Wanda bai taɓa zuwa harbin nesa ba bai san wannan shirun ba. Harsashi ya tafi, kai kana nan, ba ka san komai ba tukuna. Na rantse a cikin shirun nan na karanta Fatiha, na tuna duk mamatanmu. Can, daga gindin dutse, siririyar murya kamar an ƙwanƙwasa cokali a faranti a wani gari: tan!

Kwarin ya kaure da kabbara. Masu madubi suka ce tabon yana ɗan ƙasa da tsakiya, faifan kuma har yanzu yana lilo. Na ga hannun nan da idona, hannun da ba ya iya kai cokali baki lafiya.

Ya'arub ya durƙusa, ya buɗe bindigar ya duba ba komai a ciki, ya tallafi mahaifinsa ya miƙe. Ya daɗe yana riƙe da ita. Sannan ya rataya masa ita a kafaɗa, ya sumbaci goshinsa.

"Harsasai dai a hannuna za su zauna, Baba. Duk Juma'ar da nake gari, tare za mu sauko."

"Sai ka zo da tabarmarka," in ji Marhun.

Na ga abin na neman zama kuka, na ce bari in yi ceto. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Jama'a, kar ku ruɗu! Yadda bindigar nan ta share dutsen kaf daga gabas zuwa yamma, ai dole ta samu wani abu. Faifan ne ya yi rashin sa'a, ya zo wucewa!"

Marhun ya juyo ya dube ni sama da ƙasa, yana goge ƙura daga gemu.

"Ni hannuna na rawa, ɗan gwaggo, amma na san inda zai sauka. Kai bakinka tun muna yara yake ɓarin wuta, ko katangar gidanku bai taɓa samu ba."