Telar da Ta Ƙi Rage Mini Riga

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Yuli, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran Gwaggo, telar da ta shekara talatin da ɗoriya tana ɗinki a shagon nan na ƙarshen layinmu. Gwaggo, ina bayan teburin karɓar baƙi a wurin aiki lokacin da babbar 'yarki ta kira ni. Ta ce kin zauna a kan keke, kin zura zare, kin ce kanki yana sarawa, sai kika kifa kai a kan yadin da ke gabanki. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Masu ta'aziyya sun faɗi haƙurinki da sanyin halinki, ni kuwa na yi shiru don kada in ƙaryata mutane a gidan rasuwa. Ban san wace Gwaggon suka sani ba. Wadda na sani ba ta da haƙuri ko na sisi, kuma wata huɗu cur na yi ina jin haushinta. Har yau da nake rubutun nan haushin bai gama sauka ba, don haka ki bar ni in faɗi abin da ya faru yadda ya faru.

Ba jini ya haɗa mu ba. Ke ce kike yi wa mahaifiyata ɗinki, ke kika ɗinka mini kayan makaranta, da na sami aiki kuma ke kika ɗinka mini shuɗɗan rigunan nan biyu da ake tilasta mana sawa a ofis. Kin san faɗin ƙuguna tun ina 'yar shekara shida. Wannan ne ya sa kike ganin kina da ta cewa a kan jikina fiye da ni mai jikin.

A watan Janairu na haifi 'yata ta fari. Da ta yi sati bakwai na ɗauko rigar aiki na gwada, zif ya tsaya a tsakiyar baya ya ƙi gaba. Saura wata biyu da 'yan kwanaki hutun haihuwa ya ƙare, kuma aikina tsayuwa ce a gaban mutane tun safe har yamma. Sai na samo wani tsarin rage ƙiba a waya. Ba shinkafa, ba burodi, ba mai, ba cin komai bayan ƙarfe huɗu. Da safe ruwan ɗumi da lemon tsami, da rana kokwamba da ƙwai ɗaya. Wata abokiyar aikina kuma ta aiko mini da shayin da ta rantse yana narkar da tumbi. Ban tsaya na duba ko an yi tsarin don mai shayarwa ba. Cikin sati uku na zubar da kilo biyar, ina ta murna, ina kallon kaina a gilashin taga.

Yarinyar kuwa ta koma rigima. Ta kama nono ta ja, ta saki ta tsala kuka, ta sake kamawa. Na ce ciwon ciki ne irin na jarirai. Babanta ma ya ce haka, don shi duk abin da na faɗa a kan jariri gaskiya ne.

A haka na zo shagonki da rigunan biyu, na ce ki ɗan saki ɗinkin kaɗan yanzu, nan da wata guda kuma in dawo ki rage su fiye da yadda suke a da. Kin sa mini tef a ƙugu, kika ce in ɗaga hannu. Da na ɗaga sai jiri ya kwashe ni, na dafa teburin yanka. Ba ki ce sannu ba. Kika tsaya kina kallon gaban rigar da ke jikina.

"Shekara talatin ina auna masu jego," kika ce. "Ban taɓa auna wadda gaban rigarta yake a bushe ƙayau da rana tsaka ba sai ke. Me kika ci yau?"

Na faɗa miki. Kika ninke rigunan aikina, kika jefa su can saman kantar ajiye kaya inda hannuna ba ya kaiwa, kika ce in je awo gobe in kawo miki katin yarinya. Na ce ni ɗinki na kawo, ba asibiti na zo ba. Kika ce ƙofa a buɗe take, riguna ne dai ba za su bi ni ba. Ranar na fita ina huci, yarinya tana kuka a kafaɗata, ina lissafa a zuci duk telolin da suka fi ki iya magana.

Washegari na je awon, ba don ke ba, don ranarsa ce ta zo. Malamar asibiti ta ɗora yarinyar a sikeli, ta duba, ta sauke ta, ta sake ɗorawa. Sannan ta ɗiga alama a katin. Layin da yake hawa tun haihuwa ya kwanta, sati uku ba ta ƙara komai ba. Ta tambaye ni abin da nake ci, na sake karanto kokwambar da lemon tsamin, wannan karon murya ƙasa-ƙasa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa jin tsoro irinsa ba. Kukan da nake cewa rigima ce, ashe yunwa ce, kuma ni ce na saka ta.

Na zo miki da katin a shirye nake ki ce in bar zancen rage ƙiba gaba ɗaya, in yi miki gardama, in ce jikina ne. Ko wannan daɗin ba ki bar ni na ji ba. Kika ce ai son komawa cikin rigata ba laifi ba ne, hanyar ce ta banza. Kika ce ke tela ce, ba ki san abinci ba, in koma wurin malamar ta rubuta mini abin da mai shayarwa za ta ci ta rage jiki ba tare da ta busar da nono ba. Na koma, ta rubuta. Abinci sau uku ba tsallake, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Shinkafa da burodi su dawo, amma daidai misali. Ƙwai, wake, kifi, madara, ganye da 'ya'yan itace. Ruwa kofi guda duk lokacin da na zauna shayarwa. Lemon kwalba da soye-soye su ne za su tafi, shayin nan kuma a zubar da shi. Tafiyar ƙafa ta rabin awa. Kuma kada in sauke fiye da rabin kilo a sati.

Rabin kilo. Na yi lissafi a tsaye a gabanki, na ce a haka sai na shekara ban shiga rigata ba. Kika ce rigar ce za ta same ni inda nake. Kika sauko da guda ɗaya, kika farke gefe da gefe, kika ƙara ƙyalle mai launi iri ɗaya har ba a gane wurin haɗin. Sannan kika kafa dokar da ta hana ni sakat. Duk sati biyu in zo da kati. In layin yarinya ya hau, ki rage faɗin yatsa ɗaya a kowane gefe. In bai hau ba, ba za ki taɓa allura ba. Ɗaya rigar kuma ta ci gaba da zama a saman kantar.

Gwaggo, ko a ina aka taɓa yin haka? Mutum ya kai ɗinki a ce sai ya nuna katin asibiti? Na sayi sabon yadi na kai wa wata tela a can bayan kasuwa don in huta da ke. Ta auna ni tsaf, ta tambayi wa yake mini ɗinki a da, na faɗa. Sai ta naɗe tef ɗinta ta ce a hannunki ta koyi sana'a, kuma tun shekaranjiya kika kira ta kika ba ta kamannina. Ta ba ni ruwa na sha, ta raka ni bakin ƙofa da yadina a hannu.

Baban 'yata ma bai tsira ba. Ranar da ya kawo ni shagon ya yi wasan da ya saba, wai kujerar mota tana kuka in na zauna. Kika leƙo ta saman tabarau kika ce, "Malam, wannan jikin shi yake ciyar da 'yarka. Naka tumbin wa yake ciyarwa?" Tun daga ranar bai sake ba, kuma shi ya koma dafa mini ƙwai da safe kafin ya fita. Ban gode miki ba, don a lokacin ina ganin shisshigi ne.

Nono bai dawo a rana ɗaya ba. Sai da na yi kusan kwana goma ina ci, ina sha, ina sa yarinyar a nono ko da ba ta nema ba, kafin wata safiya na ji ta tana haɗiya da ƙarfi, ta ƙoshi ta saki da kanta, madara na gangarowa ta gefen bakinta. A awo na gaba layin ya ɗaga kai. Na kawo miki katin ina jiran yabo. Kika duba, kika ce "To," kika ɗauki alli kika ja faɗin yatsa ɗaya, kuma na lura ƙaramin yatsanki kika yi amfani da shi.

Sau ɗaya na yi miki wayo. Ana saura sati biyu in koma aiki na riƙa tsallake abincin rana a ɓoye, ina so in shiga ofis a ce ban canja ba. A awo yarinyar ta ƙara, amma ɗan abin da ta ƙara bai taka kara ya karya ba. Kika dubi katin, kika dube ni, kika ɗauki reza kika warware ragin da kika yi a zuwan baya, a gaban mata uku da ke jiran ɗinkinsu. Na yi kuka don takaici. Na ce miki ke ba uwata ba ce. Kika ce kin sani, da uwata ce da ba reza za ta ɗauko ba. Na koma aiki da riga mai ƙari a gefe, kuma babu wanda ya lura, abin da ya ƙara ba ni haushi.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Ke da kike tsare ni a kan abincin rana, shayi da burodi kike sha a tsaye, wani lokaci sai la'asar. Maganin hawan jininki a cikin gwangwanin maɓallai yake, na gan shi da idona, kwalin bai ko ragu ba. Da na yi magana kika ce ni aka kawo awo, ba ke ba. Da na san yadda ake riƙe wa mutum riga har sai ya ji magana, da na riƙe taki. Ban iya ba, kuma ban nace ba, wannan kuwa zai daɗe yana damuna.

Ranar da kika rasu ban ci komai ba. Washegari ma ruwa kawai na iya sha, abinci ya ƙi wucewa. A rana ta uku ina zaune a falonki cikin mata, yarinyar ta kama nono ta ja, ta saki ta fasa kuka. Na san kukan nan, na taɓa jin sa sati uku ina kiran sa rigima. Wata ta ce zafi ne, wata ta ce haƙori ne. Na duba ɗakin, babu mai kallon gaban rigata, babu mai tambayar me na ci. Sai a lokacin na gane cewa daga yau babu wanda zai hana ni in na ga dama in sake kashe kaina da yunwa, in haɗa da yarinyar.

Na miƙa wa ta kusa da ni yarinyar, na tashi na shiga kicin ɗinki, na sami babbar 'yarki a tsaye idonta a kumbure. Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri, yunwa nake ji." Kunya kamar ƙasa ta tsage, ni da na zo yi musu ta'aziyya ina roƙon abinci. Ta zuba mini shinkafa da wake da kifi, ta ajiye ruwa a gefe. Na zauna a kan 'yar kujerar da ke bayan ƙofa na cinye tas, hawaye na zuba a cikin farantin, ina ce miki a zuci ai sai ki ji daɗi. Kafin yamma yarinyar ta sha ta ƙoshi, ta yi barci a kan cinyata a tsakiyar masu gaisuwa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki uku da jikokinki, da ƙannenki, da duk matan da suka koyi ɗinki a hannunki, har da wadda ta kore ni da ruwan sanyi. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya haɗa kanku a bayanta.

Gwaggo, na ce miki ke ba uwata ba ce, kuma ban janye ba har kika tafi. Na janye yanzu, ki yafe mini. Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki kurakuranki, Ya yalwata kabarinki Ya haskaka shi, Ya sa Aljanna ce makomarki. Yadda kika tsaya kai da fata har 'yata ta daina kukan yunwa, Allah Ya shayar da ke daga tafkin Alkausara, shan da babu ƙishirwa a bayansa. Amin.