Girkanci a Zauren Malam

Ni dai ban nemi karatun Girkanci da Latin ba. Lauya na so zama, jami'ar da ta ɗauke ni can kudu ta ce babu gurbi, sai dai wani sashe da ake koyar da harsunan tsoffin Girkawa da Rumawa, da waƙoƙinsu da tarihinsu. Na karɓa da niyyar in sauya bayan shekara. Kafin shekarar ta ƙare na kamu. Ko a layin ɗiban ruwa sai in tsinci kaina ina rera baitocin mutanen da suka daɗe da zama ƙasa, abokaina suna tsokanata wai a nemo mai ruƙiyya. Ban taɓa jin daɗin wani karatu kamarsa ba.

Da na dawo Katsina hutun ƙarshen shekara, na tarar labarina ya riga ni isowa Ƙofar Durɓi, kuma ya canza kama a hanya. Wasu sun ce yaren matattu nake koyo, wasu sun ce littattafan masu bautar gumaka. Baffana, ƙanen mahaifina, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati amma bai yi ritaya daga tsara wa mutane rayuwarsu ba, har ya samo mini gurbin karatu a nan gida. Abin da ya rage kawai mahaifina ya amince. In ya amince, ni da Girkanci sai dai a mafarki, don duk zafin kaina ba na tsallake maganarsa.

Mahaifina malamin zaure ne, kowa Malam yake ce masa, har mu 'ya'yansa. Na same shi da wani dogon jawabi da na shirya tun a mota. Bai bari na kai rabi ba.

"Littahi gare ku ko surutu?" ya tambaye ni.

"Akwai littafi, Malam."

"To ka kawo shi bayan la'asar. Ka bi layi kamar kowa."

Ɗaliban Malam magidanta ne, 'yan kasuwa da masu sana'a. Kowa ya zo da littafinsa ya jira. In layi ya zo kansa sai ya ja baƙi, wato ya karanta Larabcin kaɗan-kaɗan, Malam yana fassarawa gaɓa-gaɓa. Na zauna can baya kusa da takalma ina cika ina batsewa, ni ɗan jami'a. Baffa ma ya zo, ya samu wuri ya harɗe, ya zo ganin ƙarshen abin.

Da aka zo kaina na matsa gaban buzun Malam na ce, "Allah gafarta Malam, wannan wurin labarin wani baƙo ne da ya..."

Ya ɗaga hannu. "Ba tatsuniya muka zo ji ba. Ja baƙi."

Na buɗe murya na karanta Girkancin yadda aka koya mana. Wani tela da ke gefena ya cusa fuska cikin hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Raina ya ɓaci, na ƙara ɗaga murya da gayya. Malam bai yi dariya ba. Sai na lura yatsansa yana bugun buzu a hankali, yana bin karatun.

"Sake," in ji shi. Na sake. "Wannan ai waƙa ce. Tana da awo. Dogo ɗaya, gajeru biyu, haka take tahiya."

Wallahi ji na yi kamar in tashi in rungume shi. Sai da muka yi watanni a aji kafin kunnena ya kama wannan awon, ga shi mutumin da bai san harafi ɗaya na harshen ba ya ji shi da yatsa, saboda ya gama rayuwarsa cikin baitocin Larabci.

Tunda ba mai fassara mini, ni na ja baƙi ni na fassara. Baƙo ya tsaya a ƙofar gida. Maigida ya kama hannunsa ya shigo da shi. Aka kawo ruwa ya wanke hannu, aka ajiye abinci. Sai da ya ci ya ƙoshi sannan aka tambaye shi ko shi wane ne, daga ina kuma ya fito. Telan nan da ke dariya ya ɗago kai ya ce, "To ai mutanen kirki ne." Aka hau gardama a kan ko an ba dabbar baƙon harawa, har sai da na duba gaba na tabbatar musu an ba ta.

Baffa ya ga abin yana neman kuɓuce masa, ya ce, "Malam, mutanen nan hwa gumaka suke bauta wa."

Malam ya ce, "Waƙoƙin jahiliyya da muka ɗauka wurin mahaihinmu a zauren nan, masu su salla suke yi?"

Zaure ya kwashe da dariya, har da Baffan. Na ce a raina magana ta ƙare, na fara rufe littafi. Ashe da saura.

"Wa ya ba ka littahin nan?" in ji Malam.

"Malamarmu."

"Ita wa ya ba ta?"

Duk littafin da Malam yake bayarwa ya san wurin wanda ya ɗauke shi, ya san shi ma wancan wurin wa ya ɗauka. Na ce a jami'a ba a tambayar wannan. Ya ce shi kuma ba ya barin ɗansa cikin karatun da ba a san inda ya fito ba. Ya juya ga na bayana, aka ci gaba da karatu. Na fita ina huci, ko takalmina ban saka daidai ba.

Washegari da hantsi na daure na kira malamar a waya. Dattijuwa ce Bayarabiya, mai tsanani, ko a aji ba ma son ido ya haɗu. Na yi ta kame-kame kafin na faɗi abin da mahaifina yake son sani. Ta yi dariya, sai kuma muryarta ta yi laushi. Ta ce duk shekarun da ta yi tana koyarwa ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar. Ta ce in kai masa wayar.

Na durƙusa tsakaninsu ina tafinta. Gaisuwa kaɗai ta ci lokaci, ya gida, ya ɗalibai, ya ruwa a wajenku, ita kuma tana amsawa da 'yar Hausar da ta tsinta lokacin bautar ƙasa. Sannan ta faɗi malaminta, wani tsoho da yake sa su karanta baiti a tsaye, wanda ya kuskure awo ya koma farko. Ta faɗi malamin tsohon, da wanda ya koyar da shi a ƙetare, kowa da halinsa. Malam yana gyaɗa kai kamar ana ba shi labarin dangi. Ya tambaya ko ta karanta littafin gaban tsohon tun daga farko har ƙarshe. Ta ce ƙwarai. Ya tambaya ko yana raye. Ta ce ya rasu, kuma har yanzu kwafin littafinsa take shiga aji da shi.

Daga nan Malam ya ce in tambaye ta yadda nake. Dole na fassara amsar da bakina: ina da kai, amma ga gaggawa ga taurin kai. Malam ya yi dariyar da na daɗe ban ji ya yi ba, ya ce lallai wannan malama ta san ɗalibinta.

Ya gyara zama, ya dube ni.

"Hwaɗa mata na ba ta kai amana. Kada ta sake ka sai ka sauke."

Na fassara mata ƙasa-ƙasa, har sai da ta ce in maimaita don ba ta ji sosai ba.