Ruwan Goshi

Ba zan ci amanar masor ba, maganinsu yana ci. Masor muke kiran fararen matan nan na mishon da suka buɗe ɗakin magani a Maraɗi zamanin Faransa, don haka muka ji tafintansu yana kiransu. Na ga gyambon da ya shekara yana wari sun wanke shi da hannunsu ba tare da sun toshe hanci ba. Ni da ke ba da labarin, ko kusa ban iya tsayawa wurin ba.

Amma akwai abin da matan Tsibiri suka lura da shi, kuma idon matan garinmu ba ya kuskure. Duk yaron da babbar masor ta ɗiga wa ruwa a goshi tana motsa baki, ba ya ƙara kwana biyu a duniya. Aka ga na ɗaya, aka ga na biyu, zance ya zagaye bakin rijiya har ya kai Jiratawa. Ba wadda ta tambaye su dalili, wa zai tsare Bature da tambaya a lokacin? Sai aka yanke shawara a tsakanin mata: a karɓi ƙwaya, a yarda da allura, amma da an ga ruwa ya doso yaro, a sungume shi a gudu.

Da damina zazzaɓi ya kama ƙanena, autan Inna, bai daɗe da fara tafiya ba. Ni ce mai goyonsa, na riga na zama budurwa. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, jiki sai ƙara zafi yake, har ya fara sanƙarewa. Inna ta ɗaura mini shi muka kama hanyar Maraɗi tun da sassafe, ina jin zafinsa a bayana kamar na goya tukunya daga kan murhu.

Babbar masor ta karɓe shi, ta shiga da shi bayan labule, ta yi masa allura, ta dawo mana da shi. Tafinta, wani mutumin Dahome mai Hausar kasuwa, ya ce mu zauna a inuwa, akwai wata allurar da la'asar. Muka zauna. Yaro ya ɗan lafa, har ya kama nono. Can sai ga ƙaramar masor ta nufo mu da kwanon ruwa da tsumma.

Inna ta miƙe zumbur. Ta fizge shi ta ɗora a bayana, ta ce, «Tashi mu tahi, ɗiyata. Maza!» Muka fita da gudu, tafinta yana kira, ko waiwaye ba mu yi ba. Inna tana ta hamdala a hanya, wai mun tsere da shi. Washegari kafin azahar ya cika.

Ran addu'ar uku sai ga tafinta a kan keke, ya zo gaisuwa. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, Inna ta fito ta durƙusa daga gefe, ina bayanta. Ya ce ruwan kwanon nan na sanyaya jiki ne kawai. Ya ce da mun tsaya allurar la'asar, wataƙila da yaro ya tashi. Haka ya faɗa wa uwar da ta binne ɗa shekaranjiya, yana gyara hular kansa.

Sai ya bayyana sauran. Ruwan goshi ba ya kashe kowa. Ruwan shiga addininsu ne, kuma ba sa ɗiga shi sai ga yaron da suke tsoron zai mutu, a ɓoye, don sun san uwa ba za ta yarda ba. Baba ya tambaye shi ko masor sun san abin da mata ke faɗi. Ya ce sun sani sarai, shi ma ya sha gaya musu.

Har yau in na tuna wannan amsa raina ɓaci yake. Sun san ana gudu da yara marasa lafiya saboda ruwan nan. Baki kawai za su buɗe su faɗi gaskiya, ko su bar ƴaƴan mutane su mutu yadda iyayensu suka haife su. Suka zaɓi su yi shiru su ci gaba da ɗigawa. Na yi ƙoƙari in tuna da gyambon da suke wankewa ko zan huce, ban huce ba.

Tafinta bai ƙare ba. Ya yi murmushi, ya ce Inna ta share hawaye, yana da albishir. Tun a bayan labule babbar masor ta riga ta ɗiga wa yaron, ta kuma raɗa masa sabon suna, yanzu yana aljanna da shi. Ya faɗi sunan, wani abu mai fita ta hanci. Baba ya tashi ya naɗe tabarma tun mutumin bai gama miƙewa ba.

Inna kuwa ba ta yi fushi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ta riƙe keken da hannu biyu ta hana shi tafiya.

«Malam, don Allah sake hwaɗa mini sunan, sannu-sannu,» in ji ta. «In na tahi can na kira shi da wanda munka yanka mishi rago, kada shi ƙi waiwayowa.»