Shimfiɗar da Bello ya yi wa Yaya Umaru

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Umaru, manomin albasa a Lambara. Har yau in na ga farar kwalbar nan ta maganin olsa a kan teburin mai kemis, sai raina ya ɓaci. Ba da maganin nake fushi ba. Ni ma ina sha in yaji ya yi mini yawa, yana kuwa kwantar da ƙwannafi nan take. Da mutum nake fushi, kuma na gaji da yi masa kara.

Bello aminin Yaya ne tun suna kiwon awaki. Da suka girma ya buɗe kemis a kasuwar Boɗinga, Yaya ya tsaya a fadama. Bello na da wata koyarwa da ta yi masa suna: kowace ƙwaya za ka sha, sai ka fara yi mata shimfiɗa, wato ka kurɓi farin maganin nan cokali biyu sannan ka haɗiye ta, wai don kada ta ci maka hanji. Mutanen Sifawa da Horo Birni har cewa suke a ba su magani da shimfiɗarsa. Yaya ya fi kowa yi masa talla. In ka ce masa likita ya ce kaza, sai ya tambaye ka, to Bello fa, me ya ce?

A ranin da abin ya faru, fartanya ta sari Yaya a ƙafa wajen ban-ruwa. Yana da ciwon suga, sai mikin ya ƙi warkewa, ya fara ruwa. Bello ya ɗauke shi a babur zuwa asibiti, shi ya shiga da shi gaban likita, kamar yadda muka saba: mai ciwo ya zauna ya yi shiru, wanda ya yi boko ya saurara a madadinsa. Suka dawo da ƙwayoyin da za su busar da mikin, da kwalaben shimfiɗa, kyauta daga Bello.

Yaya bai taɓa tsallake magani ba. Matarsa Inno ke auna masa cokalin, ya kurɓa, ya bi da ƙwaya. Gudawa ta kama shi, Bello ya ce cutar ce ke fita. Ƙafa ta kumbura ta fara wari, zazzaɓi ya ƙi sauka. Ranar da muka mayar da shi asibiti, ba ya gane kowa.

A wannan karon na bi Bello muka shiga tare. Likita ya tambayi yadda yake shan magani. Ni da bakina, har da alfahari, na ce ko sau ɗaya bai fasa ba, kuma kullum da shimfiɗarsa. Likita ya ajiye biro. Bai dube ni ba, Bello ya duba.

"Malam, ba kai na gaya wa kada ya haɗa su ba? Na ce ko a daina, ko a bar awa biyu tsakani."

Sannan ya yi mini bayani cewa farin maganin yana kama irin wannan ƙwaya a cikin ciki, ya riƙe ta, su fita tare ba ta shiga jini ba. Ashe duk makonnin nan tamkar tsakuwa Yaya yake haɗiya.

A baranda na tare Bello na tambaye shi dalili. Sai ya ce, "Hauwa, in nic ce mishi shi bari, mi ni ka ce ma mutanen da nika ba shi shekara da shekaru?"

Amsar ke nan. Ba mantuwa ya yi ba, ba kuma rashin ji ba ne. Ya auna sunansa a kasuwa da ƙafar amininsa, sunan ya rinjaya.

Yaya bai farfaɗo ba, a makon ya cika. Maganarsa ta ƙarshe da na ji da hankalinsa, tun muna gida, ita ce, "Ki yi ma Bello godiya, ya yi min abin da ɗan'uwa bai yi." A zaman makoki Bello ne a tabarmar gaba yana karɓar gaisuwa. Manya suka ce in rufe bakina, ajali ne, kada in ɓata zumunci. Na yarda da ajali, kuma ban ce ba don shimfiɗa ba da lalle ya tashi, suga ba abin wasa ba ne. Amma an ba shi dama a leda, amininsa ya karɓe ta yana murmushi.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce da ya ga yau. Injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana zai burge shi, kemis kuwa ya cika kowane lungu kamar teburin mai shayi. Amma da zan zaunar da shi in ba shi labarin nan, na san zai yi dariya ya ce bokona ne ya motsa, Bello ba zai yi masa haka ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Ran kasuwar da ta wuce na bi ta gaban shagon. Wata mai juna biyu ta kawo ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ta wajen awo, Bello na miƙa mata shimfiɗa. Su ma farin maganin yana hana su shiga jini. Na tsaya na gaya mata a gabansa, na ce ta raba su ko ta koma ta tambayi masu awo. Bello ya ɗago ya gane ni, gemunsa duk furfura.

"Allah shi jiƙan Umaru," in ji shi.

Na ce amin, na jira ko akwai saura. Ya ƙulle mata leda. Matar ta dube ni, ta dube shi, ta tafi da kwalbar. Ban san maganar wa ta ɗauka ba.

Irin albasar Yaya na nan, har yau a Lambara irin Umaru ake ce masa. Inno ba ta ƙara auna wa kowa cokalin nan ba sai ta tambaya. Godiyar da ya ba ni in kai kuwa, shekara tara ke nan tana hannuna, kuma ba zan kai ba.