Sandar Rataye Ruwa

Ranar ƙarshe da gidan ya tashi lafiya, Malam ya fara ta da shan kaye, kamar kullum. Shekara da shekaru yana koya wa ɗaliban haɗa magunguna hanyoyin da magani ke bi ya shiga jiki: ta baki, ta ƙarƙashin harshe, ta fata, ta hanci, ta jijiya. Amma Auta, 'yarsa tela mai ciwon sikila, ba ta taɓa haɗiye ƙwaya don ya ce ba.

Da safe ya ajiye mata ɗaya a gefen keken ɗinki.

"Baba, wannan ai ta fi maɓallin riga."

"Ta baki ta fi sauƙi. Haka nake rubutawa a allo."

"To a ba allon ya sha."

Da hantsi ta yanka rigunan makaranta. Da rana ta yi cacar baki da mai kawo zare. Da yamma ta sha ƙwayar, don kawai uwarta ta harare ta. Harara kuwa ba ta cikin hanyoyin da Malam ke koyarwa.

Washegari ciwon ya tashi, ƙashi da ƙirji. Amai ya rufe hanyar baki, saura jijiya, jijiyoyin kuma allurar shekaru ta cinye su. A asibiti nas ta nema a hannu, ta koma ƙafa, Malam na tsaye yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya kamar za su amsa. Da ƙyar aka samu guda. Babu sandar rataye ruwa a ɗakin, sai nas ta miƙa masa ledar ƙarin ruwan, ta ce:

"Baba, ɗaga sama. Kada ka sauke."

Auta ta buɗe ido. "Yau dai an samo maka aiki a asibiti."

Digiri biyu gare shi, amma tsayinsa aka nema. Hannun dama ya gaji ya koma hagu, yana kallon ɗigon na sauka yadda littafi ya ce. Maganin bai ɓata hanya ba. Ita ce ba ta jira shi ba. Kafin faɗuwar rana ta cika.

Keken an ba 'yar ƙanwarsa. Ɗinkin mutane da bai ƙarasu ba, uwar ta bi gida-gida ta mayar. Sauran magungunan Malam ya duba kwanan watansu, ya kai asibiti. Man zafin da take shafa wa gwiwa ne kaɗai ya rage, rabin kwalba. Ya ce an riga an sa yatsa a ciki, bai kamata a ba wani ba. Yana cikin aljihun teburinsa. Wani lokaci yakan buɗe murfin, ya ɗan jima, ya mayar.