Ƙafar da Bappa Ya Ɗora

Sau uku aka caje ni kafin in shiga otal ɗin nan na Jimeta ranar da ƙafata ta karye. A bakin titi, a bakin get, sannan a ƙofar shiga, inda wani mai gadi ya buɗe robar kununa ya shinshina, wai ko bam yana da ƙamshi. Shekarun tashin hankali ne, 'yan gudun hijira sun cika gari, kowa na kallon na kusa da shi da wutsiyar ido. Ni malamin firamare ne a Nassarawo, an turo ni bita kan yadda ake kwantar wa yara hankali idan sun firgita. Taron a hawa na huɗu yake.

Otal ɗin yana da lifta. Ta yi shekara da shekaru a mace, sai da masu ba da agaji suka fara kama ɗakuna mai otal ya tuna da ita, ya sa aka shafa mata fenti. Ƙafafuna lafiya lau a lokacin, matakala kuma ga ta nan. Amma ban taɓa shiga lifta ba, kuma ina so in koma makaranta da labari. Na shiga ni kaɗai, na danna huɗu. Ta kai ni kusa da na uku, ta tsaya ta yi shawara, sannan ta sako ni ƙasa gaba ɗaya.

Duk wanda ke cikin ginin ya ɗauka bam ne. Masu gadin da suka caje ni su suka fara tsallake katanga, manaja ya rufa musu baya, masu koya mana kwantar da hankali suka bar takalmansu a matakala. Ina kwance cikin akwatin ƙarfe ina ihu tun hantsi har bayan azahar. Jami'an tsaro da suka zo neman bam su suka ɓalle ƙofar, kuma tambayar farko da suka yi mini ita ce mene ne a cikin robar.

Asibiti a cike yake a kwanakin nan, don haka gida aka kai ni. A ɗakin zaurenmu kuwa akwai wani tsoho, abokin cinikin mahaifina tun da daɗewa, wanda muke kira Bappa. Ya gudo daga can arewacin jihar da riga ɗaya da sandarsa. A garinsu mai ɗori ne da ake zuwa wurinsa daga nesa. A Jimeta ba wanda ya san shi, sai layin karɓar shinkafa, ya dawo ya zauna ya zuba wa bango ido. Ranar da aka shigo da ni na fara ganinsa yana sauri. Ya sa aka danne ni, ya ja ƙafar har na kira sunan kakata, ya jera kara ya ɗaure, ya yi tofi.

Bayan na miƙe sai mutane suka fara sallama a zaurenmu. Daga Yola Gari, daga Sangere, ana cewa a kai wa tsohon da ya ɗora malamin da lifta ta faɗo da shi. Bappa ya daina zuwa layin shinkafa, ya ɗinka sabuwar riga, har ya fara yi wa matata faɗa kan gishirin miya. Abin da ban gaya wa kowa ba sai ita shi ne ƙafar ta gajarce, kuma ciwonta bai tafi ba. Na koyi ratsa tsakar gida da zaure a miƙe, haƙora a cije, sai na sha kwana sannan in saki ɗingishina.

Da manajan otal bai zo dubiya ba, da wataƙila na haƙura. Ya zo da katan ɗin lemo, ya zauna ya ce mini tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tambaye shi ko tsautsayi ne ya hana su sa wa igiyar ƙarfen liftar giris. Ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya tashi. Da na samu ƙafar fita, ofishin lauya na fara zuwa.

Lauyar tsohuwar ɗalibata ce, 'yar wani fasto daga kudancin jihar, wadda na taɓa bugu kan jadawalin lissafi na bakwai.

"Malam, ina takardan asibiti?" ta tambaye ni.

Na ce babu.

"Hoton ƙashi fa, na ranan da abin ya faru? Shaidu fa?"

Na ce shaidu sun tsallake katanga.

Ta dafe kai. "To wa ya gyara ƙafan?"

Haka Bappa ya zama shaidarmu guda tilo. Ta yi mini bayani dalla-dalla: karaya aba ce, nakasa aba ce daban. Diyyar kirki tana kan nakasa, domin ita zan ɗauka har kabari. Ta ce tsoho ya tabbatar da karaya kawai, sauran ƙafata za ta faɗa da kanta.

Shekara uku muna zarya. Yau alƙali ya tafi taro, gobe lauyan otal ba shi da lafiya, jibi an rufe hanya saboda tsaro. Kotun ma a bene take, kuma, Allah ya saka musu, babu lifta.

Ranar da aka kira shi, Bappa ya sa sabuwar rigarsa. Ya yi rantsuwa, ya bayyana karayar tiryan-tiryan, inda ƙashi ya rabu da inda ya goce, har alƙali ya gyara zama. Lauyata tana murmushi. Sai lauyan otal ya miƙe, cikin ladabin da tun daga nan na san ba alheri.

"Baba, ƙafar ta warke?"

"Ƙafar da na ɗora ba ta ɗingishi," in ji Bappa. "Shekara arba'in ina wannan aiki. Tambayi kowa."

"Madalla. Ya mai shari'a, abu biyu ne. Ko dai ta warke, babu nakasa, ko kuwa ba ta warke ba, wannan tsoho ne ya lalata ta."

Alƙali ya ce in tashi in taka daga inda nake zuwa ƙofa. Lauyata ta matso ta raɗa mini: "Malam, yi tafiyanka na kullum. Ko me ya ce, doka yana tare da mu." Gaskiya ta faɗa. Ɗingishin da nake yi kyauta a titi kullum, yau ga mai saye.

Na dubi Bappa. Bayansa akwai mutum biyar ko shida daga cikin waɗanda ya ɗora, sun biyo shi don su ga yadda ake girmama shi a kotu. Gidansa ya ƙone, gonarsa ta zama daji, bai san inda kabarin ɗansa yake ba. Abin da ya rage masa a duniya shi ne maganar da ya faɗa yanzu.

Na taka. Taku goma sha huɗu ne, na ƙirga su, kowanne kamar ana soka mini ƙusa. Ban taɓa tafiya mai kyau irin ta ranar ba, ko kafin lifta. Da na juyo, lauyata ta riga ta rufe fayil tana kallon silin.

An ba ni diyyar watannin da na yi kwance, aka kori batun nakasa. Har yau in mun haɗu da lauyar a kasuwa takan ce, "Malam, kai ne ka koya mini lissafi, amma naka ya fi ƙarfina." Na ji haushin kaina, kuma ba zan ɓoye ba, wani lokacin in sanyi ya shiga ƙashin ina jinsa har yanzu.

Mun sauko daga benen ni da Bappa, mutanensa sun yi gaba suna ta yabon hannunsa. Da muka sha kwanar katangar kotu ya tsaya, ya waiga, ya ga ba kowa. Sai ya miƙo mini sandarsa, wadda ya gudo da ita, bai kalli fuskata ba.

"Riƙe, ɗana," ya ce. "Mun sha kwana."

Ya rasu bara a garinsu, bayan hanya ta buɗe. Sandar tana wurina, da ita nake zuwa makaranta.